Ramlin da Albasar Ɗakin Bakin Ƙofa

Ramlin ɗan Sorikala ne, garin da ke can ƙasar Bima inda yaro kan iya ɗaure damin albasa tun bai iya ɗaura zanensa ba. Ubansa manomin albasa ne, kakansa ma haka. Shi kuwa tun yana ƙarami aka lura idan an miƙa masa fartanya sai ya jingina da ita yana sauraron hirar masu wucewa, har rana ta take. Dangi suka duba, suka ga yaron da ba ya noma kuma ba ya faɗa, babu abin da ya dace da shi sai karatu. Da ya gama sakandare Allah ya ba shi gurbi a wata jami'a a birnin Yogya, can ƙetaren teku, a sashen aikin gona. Mahaifiyarsa Jaleha ta yi murna, ta yi kuka, sannan ta tambaya a hankali ko babu wani sashen da ya rage, tunda gona dai ga ta a bayan gida.

A Yogya akwai gidan ɗaliban Sorikala. 'Yan kasuwar albasa na garin ne suka haɗu suka saye shi tun da daɗewa, suka kuma kafa sharaɗi biyu. Ɗalibi zai zauna kyauta muddin sunansa na jami'a. Sannan duk mutumin gida da ya buga ƙofa, ba a mayar da shi. Da aka kafa sharaɗin na biyu, an ɗauka ɗan kasuwa ne zai riƙa biyowa jefi-jefi ya kwana ɗaya ya wuce. Ba a yi tunanin asibitocin Yogya ba, da yadda mutanen Sorikala suka yi imani cewa ciwo ba ya jin magani sai an ƙetare teku da shi.

Ɗakin da ke bakin ƙofa na sabon zuwa ne, domin shi ke fara jin bugun baƙo. Yakan yi shekara yana buɗe ƙofa, yana ba da katifarsa, yana kwana a kan tabarma, sai wani sabon ya zo ya karɓe shi, shi kuma ya hau bene ya huta. Ramlin ya shiga ɗakin kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da kowa, bai fita ba. Kafin shekara ta zagayo baƙi sun daina tambayar gidan ɗalibai, sai dai su sauka a tasha su ce ina Ramlin. Sabon da ya zo ya buɗe wa wata tsohuwa ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ba shi aka kwatanta mata ba, ta zauna a kan jakarta a waje har Ramlin ya dawo daga lacca. Daga ranar ba a sake maganar canza ɗaki ba.

Ba tsoron mutane yake ba. Shi dai idan mutum ya fara magana yakan jira ya kai aya kafin ya faɗi uzurinsa, mutanen Sorikala kuwa ba sa kai aya. Mai ciwon ƙoda zai fara da ƙodar, ya biya ta farashin taki, ya shiga rigimar iyakar gona da ƙaninsa, kafin ya gama sun riga sun hau babur sun kama hanyar asibiti, laccar safe kuma ta wuce. A haka Ramlin ya san tagar asibitin da ake fara zuwa da wadda ake zuwa don a ji an ce a koma ta farko. Ya san likitan da ke son a gaishe shi da wanda gaisuwa ke ɓata masa rai. Ya san inda ake sayar da rigunan batik, masu zanen rini, da sauƙin kuɗi, don babu mai jinyar da ke yarda ya koma gida ba tsaraba, ko da bai warke ba. A can gida kuwa Jaleha ta wayi gari ana shimfiɗa mata tabarmar gaba a wurin biki. Wasu ma sun ɗauka likitanci ɗanta ke karantawa, ita kuma ba ta ga dalilin katse musu magana ba.

Abokan shigarsa suka gama, suka sa hular nan mai igiya, shi ya ɗauke su hoto. Na bayansu ma suka gama. Cikin waɗanda suka tarar da shi har suka kamo shi akwai Furkan, ɗalibin shari'a, yaro mai baki kamar reza, wanda ya raɗa masa suna Sarkin Baƙi.

"Yaya Ramlin, don Allah wace shekara kake yanzu? Na yi musu da yaran sama, sun ce da kai aka gina gidan."

"Ta shida."

"To Alhamdu lillahi, na ci. Na ce musu fenti kawai aka yi a gabanka."

Jami'ar kuwa tana da tata ƙa'idar. Shekara bakwai take haƙuri da ɗalibi, bayan nan ta soke sunansa. Darussa Ramlin ya lallaɓa ya haye su, wasu a zama na biyu. Abin da ya rage shi ne binciken kammala karatu, kuma malamin da ke duba shi, Pak Darmaji, mutumin Jawa ne, wato ɗan asalin yankin Yogya, mai sanyin murya. Pak laƙabin girmamawa ne da ake ba manya a can. Ba ya faɗa. Idan ransa ya ɓaci sai muryar ta ƙara sanyi, har sai ɗalibi ya matso da kunne ya ji abin da zai hana shi cin abinci.

Binciken a kan albasa ne, don an ce kowa ya ɗauki abin da ya sani. Za a raba albasa kashi-kashi, wani kashin a yi masa hayaƙi, wani a barbaɗa masa toka, wani a bar shi haka, a ɗaura wa kowane dami zare mai launi dabam, a rataye su wata uku. Kowane mako a auna, a ga wanne ya fi saurin ruɓewa. Wadda ta ruɓe ba a cire ta, a wurin ake barin ta, domin yadda take shafa wa 'yan'uwanta shi ne abin da ake son gani. Rumbun sashen ya cika da kayan waɗanda suka zo ranar rabon wuri, ranar da Ramlin ke ɗakin haihuwa yana riƙe wa wani jakar matarsa. Don haka ya gicciya gora a ɗakinsa ya rataye albasarsa.

Gwajin farko ya ba da sakamako mai ban mamaki. Damin da ke kusa da ƙofa ya riƙa raguwa fiye da sauran, ko da hayaƙi ko babu. Ramlin ya kai wa Pak Darmaji, suka zauna suna tunanin ko iska ce. Sai daga baya aka gano yaran bene ne ke aron 'yar ɗaya-ɗaya suna yanka wa taliyarsu. Babu wanda ya ɗauke ta sata. A Sorikala albasar da ke rataye ta mai wucewa ce.

"Mas Ramlin," in ji Pak Darmaji, yana kiransa da laƙabin samari irin na Jawa, murya can ƙasa, "jami'a tana ƙaunarka, ni shaida ne. Amma zangon da za mu shiga shi ne na ƙarshe. Wata uku na ratayewa, wata ɗaya na rubutu. Babu ranar da ta yi saura da za ka ba wani aro."

Ramlin ya sayi sabuwar albasa ya sake ratayewa, wannan karon can sama kusa da rufi. Furkan ya tara yaran gidan ya rantse musu an fesa mata gubar da ke sa gashin kai zubewa. Ba wanda ya sake taɓa ta. Wata ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ya shiga, albasa ta fara ruɓewa yadda ake so, ɗakin ya ɗauki wari, Ramlin kuwa bai taɓa jin ƙamshin da ya kai masa wannan daɗi ba.

Ana nan sai ga Ompu Landa, wato Kaka Landa da yaren Bima. Tsoho ne da ya yi noma tare da kakan Ramlin, shi ya koya wa rabin garin ɗaurin albasa, yanzu kuma yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, ba ya ganin komai sai hasken rana. 'Ya'yansa suka ɗora shi a bas da buhun albasa na tsaraba, suka ce wa yaron mota ya miƙa shi hannun Ramlin, kamar dai saƙo. Tsohon ba ya iya hawa bene, don haka ɗakin bakin ƙofa ne masaukinsa. Yana shiga ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Jikana, akwai abin da ke mutuwa a ɗakin nan."

Ramlin ya zaunar da shi ya yi masa bayani tun daga farko, hayaƙi da toka da zare mai launi, da cewa da gangan ake barin ta ruɓe don a san abin da zai hana ta ruɓewa. Ompu Landa ya saurara yana gyaɗa kai.

"Da gangan," ya ce.

"Da gangan, Ompu. Malamina ne ya ce a yi haka."

"To. Allah ya yi wa malamin albarka."

Ramlin ya ɗauka an fahimci juna. Abin da tsohon ya fahimta shi ne, jikan amininsa ya daɗe a birni har ya manta ajiyar albasa, kunya kuma ta sa ya laƙa wa wani malami. Ya ji tausayinsa, ya kuma yaba da ƙaryar, don ta nuna yaron yana da sauran kunya. Bai sake ta da maganar ba. Albasar tana can sama, shi ba ya gani, hannunsa ba ya kaiwa.

A asibiti aka duba idon aka ce aiki za a yi, amma layin yana da tsawo, sai bayan wata biyu. Da Ramlin ya bar abin haka, da gwajinsa ya ƙare kafin a taɓa idon. Amma tsohon kullum yana zaune a bakin gado yana lalube, yana tambayar ko an yi ruwa a gida, ga shi kuma Ramlin ya san matar da ke tsara ranakun aiki, ya taɓa kai mata zumar Bima lokacin da ɗanta ke tari. Ya yi ta sintiri yana gaishe ta. Ranar da wani ya fasa zuwa, sunan Ompu Landa aka sa a gurbinsa. Furkan ya ce wannan aiki ko ɗan majalisa bai isa ya yi shi ba.

Aka yi aikin ido ɗaya. Da aka kwance bandeji, tsohon ya ƙifta, ya ƙifta, ya kalli likita, ya kalli fanka, sannan ya juyo ya ƙura wa Ramlin ido.

"Kai ne Ramlin?"

"Ni ne, Ompu."

"Subhanallahi. Muryarka ta yara ce, ashe ka manyanta. Har yanzu karatun ne?"

"An kusa gamawa."

Likita ya ja kunne: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba ƙura, a riƙa ɗiga magani a kan lokaci. A hanya tsohon ya ga komai ya yi magana a kan komai, ya ce 'yan matan Yogya ba sa cin abinci, ya ce baburan garin sun fi mutanensa yawa. Da suka shiga ɗaki ya ɗaga kai sama ya ƙura wa rufin ido. Ramlin ya ɗauka gajiya ce, ya gyara masa matashi.

Washegari da safe Ramlin ya ɗiga masa magani ya tafi wurin Pak Darmaji da awon da ya tara. Malamin ya duba, ya sake dubawa, sai ga shi ya ɗaga murya kamar ta mutane. Ya ce damin hayaƙi yana nuna abin kirki, ya ce idan makonnin da suka rage suka tafi haka, to Mas Ramlin ya fara tambayar inda ake ɗinkin kwat. Har ya raka shi bakin ƙofa. Ramlin ya biya kasuwa ya sayo wa tsoho soyayyiyar ayaba, ya nufo gida yana waƙa a ransa.

A tsakar gida ya tarar da su. Ompu Landa na zaune a tabarma, ya rufe idon da aka yi wa aiki da gefen zane saboda ƙura, mata biyu 'yan gida da suka zo jinya suna taya shi. Wani dogon baƙo ne ya hau kujera ya sauko musu da komai. An kwance damunan duka an zube su wuri ɗaya, na hayaƙi da na toka da na banza. An tsince ruɓaɓɓun an zubar a kwandon shara, mai shara ya riga ya wuce da su. An buɗe buhun tsaraba an cike gurbinsu. Zaruruwan masu launi kuwa ɗaya daga cikin matan ta nannaɗe su ƙwallo guda, ta ce za su yi amfani. Sababbin damuna suna jere a jikin bango, ɗaurin Sorikala na asali, kai ɗaya, wuya ɗaya, irin wanda ɗan kasuwa kan saya bai taya ba.

"Zo nan, jikana," in ji tsohon. Ya rage murya don kada matan su ji, ko da yake da su aka yi aikin. "Ka ba ni ido, ni kuwa ba ni da abin da zan saka maka. Jiya da na ɗaga kai na ga abin nan, wallahi sai da na yi wa kakanka kuka. Amma ba komai, birni ne, yana mantar da mutum. Na gyara maka. Wannan ɗaurin, ko wata shida za ta yi ba za ka ga guda ta lalace ba. Ka kai wa malamin naka ya gani. Kuma ka kwantar da hankalinka, ubanka ba zai ji daga bakina ba."

Ramlin ya tsaya da ledar ayaba a hannu. Ya kalli damunan. Gaskiya sun yi kyau. Ya kalli hannuwan tsohon, ɓawon albasa ya manne musu.

"Na gode, Ompu," ya ce. "An ɗiga maka maganin rana?"

Ba a ɗiga ba. Ya wanke hannu ya ɗiga masa.

Furkan da ya dawo ya ga aikin, ya zauna a dakali ya riƙe kai, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ga fuskar Ramlin ya daina.

"Yaya, saurare ni. Awon wata biyu yana hannunka. Sauran ka zauna ka cike da kanka, ka bi yadda abin ke tafiya. Albasa ba ta zuwa kotu ba da shaida. Rabin waɗanda ka ɗauka hoto da hula haka suka yi, in kana so in lissafa maka su."

"Kada ka lissafa."

"To ka yi. Shekara bakwai fa, Yaya! Innarka tana can ta sayi yadin zuwa biki."

Ramlin bai ce a'a ba, kuma har ya ɗauki biro ya gwada. Ya ga abin ba wuya. Wahalar ta zo ne ranar da ya koma wurin Pak Darmaji, malamin ya tare shi da fara'a ya ce, "Yaya albasarmu?" sannan ya yi shiru yana jiran amsa. Ramlin bai saba da wanda zai yi tambaya ya tsaya ba. Kafin ya farga ya ba shi labarin duka, tun daga yanar ido har ƙwallon zare.

Pak Darmaji ya cire tabarau ya goge. Kafaɗunsa suka ɗan motsa, ya juya ya fuskanci taga har suka daina. Da ya juyo, muryar ta koma can ƙasa. Ya ce sabon gwaji wata uku ne, zangon kuma ba zai kai ba, awon wata biyu kuwa kwamiti ba zai karɓa ba. Ya ce ya nema masa ƙarin lokaci a bara, ba a nema sau biyu. Shawararsa ɗaya ce, Ramlin ya janye da kansa kafin a kore shi, ko wata makarantar ta karɓe shi nan gaba. Da Ramlin zai fita malamin ya kira shi ya tambaya, cikin jin nauyi, ko asibitin nan suna aikin ido a kan lokaci, don surukarsa ma ta fara lalube.

Ramlin ya janye. Sharaɗin gidan kuma a fili yake, wanda ba ɗalibi ba, ba shi da ɗaki. Ya fara haɗa kayansa a kwali. Bai gaya wa kowa dalili ba, ya kuma hana Furkan faɗa. Ompu Landa ya koma gida da ido tangaran, ya cika alkawari bai faɗa wa uban Ramlin komai ba, sai dai duk wanda ya zauna kusa da shi a masallaci ya ji cewa yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, malaman birni ne ba su san albasa mai kyau ba ko an kai musu har ofis.

Labarin ya girgiza Sorikala. Digirin bai dami mutane sosai ba, an yi wa Jaleha jaje an wuce. Amma akwai mai jiran aikin gwiwa, akwai mai komawa a duba masa zuciya, akwai Ompu Landa da ido na biyu. Ƙungiyar 'yan albasa ta yi zaman gaggawa, abin da ba ta yi ba ko shekarar da ambaliya ta cinye gonaki. Bayan sallar la'asar shugabanta, Haji Yasin, ya kira Ramlin a waya.

"Ɗana, mun ji abin da aka yi maka. Ba za mu zuba ido a wulaƙanta ɗanmu ba. Kwance kayanka. Mun sama maka wata kwaleji, ƙungiya ta ɗauki nauyin komai, ranar Litinin za ka fara. Ɗalibi kake, ɗakinka kuma ɗakinka ne."

"Haji, na gode, amma Inna tana ganin ko in dawo gida in..."

"Mun yi magana da ita. Ta ce ka gama wata jami'ar an roƙe ka ka shiga wata, haka za ta faɗa, mu ma haka za mu faɗa."

"Me ake koyarwa a can, Haji?"

Ramlin ya ji Haji yana tambayar na kusa da shi.

"Wannan ba mu tambaya ba. Amma tana bayan asibiti, an ce daga ƙofarta kana hango layin masu yankar kati. Sun ce daga ajin farko za ka fara. Shekara huɗu ce, sai dai mun bincika, mutanen kirki ne, har bakwai suna bari."

Yanzu Ramlin yana shekararsa ta biyu a can. Ashe harkar yawon buɗe ido da karɓar baƙi ake koyarwa. Yaran ajinsu sun daina miƙewa idan ya shigo, amma har yau Pak suke ce masa. A jarrabawar da ta wuce ya faɗi darasi ɗaya, na tarbar baƙo a tasha, saboda ranar da aka yi ta yana tasha.